Tawada a Kuncin Adda Rabi

Wunti, Bauchi
Ranar Laraba

Zuwa ga Mudathir,

"Yafendo, ido kawai za a duba. Ba wanda zai sa wa Dada wuƙa ba ki sani ba." Haka ka faɗa min a tsakar gidana, kana tsugune kana ɗaure igiyar takalmi, ranar da ka zo tafiya da mahaifiyarka Alƙahira. Ban nemi alkawari a wurinka ba, kai ka ɗauke shi da bakinka. Na rubuto maka shi don ka gan shi a takarda, ko za ka gane shi.

Yanzu sai gaisuwa, don ba a yi min tarbiyyar tsallake ta ba. Ina fata kana lafiya, kai da Ummi da yara, da fatan aiki na tafiya daidai. Mu nan lafiya, sai gwiwa da ke min gardama idan hadari ya haɗo. Kawunka Hammajoda ya shigo gari daga ruga, ya ce a gaishe ku, shanu sun samu ciyawa bana.

Da hannu na rubuta, zan ɗauki hoto in turo maka. A waya kana da dabarar cewa layi ba kyau daidai lokacin da na iso kan magana. Takarda kuwa ba a katse ta.

Shekaranjiya matarka Ummi ta sa hoto a gurup ɗin gida, kafin a ce me ta goge shi. Ta makara, na riga na gani. Mahaifiyarka, yayata Rabi'atu, zaune a kujerar asibiti, an ja mayafinta baya a ɓarin hagu, an zana mata layi da shuɗiyar tawada daga gefen goshi, ya bi ta gaban kunne, ya zagaya ƙasansa. Na yi aikin ɗakin karatu har na yi ritaya, kuma ba ƙura kawai nake kakkaɓe wa littattafan ba. Na san ba a duba ido ta gaban kunne. Wannan zanen masu aikin ɗage fuska ne, irin wanda ake yi wa matan da suka yi faɗa da madubi.

Na san fuskar Adda Rabi ta karkace tun ciwon da ya kama ta a shekarar da mahaifinka ya rasu. Na san kuncin hagu ya zazzago, gefen bakin ya sauka, bai kuma dawo daidai ba. Tare muka yi jinyar. Ban taɓa jin ta ce ya dame ta ba. To wa ya dama? Zan faɗa maka abin da na zarga, ka ƙaryata ni in kana iyawa: ka kai ta cikin mutanenka masu ƙamshin turare, ka ga suna kallon ta, kunya ta kama ka. Layin tawadar nan ya ratsa daidai kan tsagarta, tsagar da kakarmu ta sa aka yi mata tana cikin zanen goyo. A duk zuriyarmu ita ta rage mai ita.

Kai ɗan fari ne, aka ba ni kai bisa al'ada tun kana rarrafe, a bayana ka yi wayo. Ina da ikon tambayarka. Me za a yi mata? Wane iri, don na san ba iri ɗaya ba ne? Yaushe? Kuma me ya sa duk sanda na kira in gaishe ta, kai ke riƙe da wayar a bakinta?

Yafendonka,
Juwairiyya

*

Alƙahira
Ranar Asabar

Zuwa ga Yafendo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kin tashi lafiya, ya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan duka lafiya. Dada tana cin abinci tana barci, hawan jinin ma ya daidaita da sabon magani. Yara sun ce a gaishe ki. A miƙa gaisuwata ga Kawu.

Na karanta takardarki, na kuma karɓi laifin rashin sanar da ke da wuri. Na so sai magana ta kankama ne, don kada in ɗaga miki hankali a banza. Amma maganar kunya ta yi min zafi, Yafendo. Allah shi ne shaidata.

Ga yadda aka yi. Likitan ido ya ce idon hagu lafiyarsa ƙalau. Hawayen da ke zuba kullum, nauyin kuncin da ya zazzago ne ke jan fatar idon ƙasa. Shi ya tura mu wurin likitan gyaran fuska. Wannan ya duba ya ce za a iya ɗage ɓarin hagun ya kusa daidaita da na dama. Ya lissafa hanyoyi, ni kuma na ce a yi mafi sauƙi saboda shekarunta. Ƙaramin aiki ne, gajeren yanka a gaban kunne, a ja a ɗinke, ba sai an sa ta dogon barci ba, a ranar za mu dawo gida.

Ban yanke hukunci ni kaɗai ba. A gaban likita na tambaye ta, ta ce to. Da muka dawo gida na sake tambaya, ta ce to. Ba ta nuna min wata damuwa ba ko kaɗan. Maganar tsaga, likita ya ce wani ɓangare zai tafi da fatar da za a rage, na faɗa mata, ba ta ce komai ba.

Wayar kuma layinta ne ba ya aiki a nan, shi ya sa take amfani da tawa. Ba a sa rana ba tukuna. Ki sa mana albarka.

Ɗanki,
Mudathir

*

Wunti, Bauchi
Ranar Alhamis

Mudathir,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na ji daɗin labarin hawan jinin. Ina gaida Ummi, ka ce mata ban riƙe ta da komai ba, hannunta ya fi naka gaskiya. Gwiwa da sauƙi.

Ban amsa maka da wuri ba don na tsaya in san abin da nake faɗa. Na karanta abin da na samu har idona ya yi ja, sannan na hau keke napep zuwa GRA wurin Dakta Obadiya, aminin marigayi mijina, wanda ya yi aikin tiyata har gashinsa ya yi fari. Ya fara da cewa wannan ba fanninsa ba ne, kuma ba ya yi wa hoto magani. Na ce ban zo neman magani ba, na zo ne kada a yi min wayo da kalmar "ƙarami". Matarsa Roda ta kawo shayi, ta ce in dai yanzu ana ɗage abin da ya zazzago, a sa sunanta a layi, amma ita daga gwiwa za a fara.

Ga abin da na fahimta, kuma ka karanta har ƙarshe.

Ka ɗauki fuska kamar gado. Fata ita ce zanen gadon. A ƙarƙashinta akwai wata shimfiɗa ta nama da tantani, ita ce katifar, an kuma ɗaure ta da ƙashi da wasu 'yan igiyoyi. A ƙarƙashin katifar jijiyoyin da ke motsa fuska suke bi, masu rufe ido, masu ɗaga leɓe. Idan fuska ta zazzago, ba zanen ne kawai ya saki ba, katifar ce ta zame.

Akwai masu cusa zare mai ƙaya a ƙarƙashin fata su ja, ba yanka. Wannan shekara ɗaya ko biyu ne ya saki, kuma ba zai ɗauki kunci mai nauyin na Adda ba, don haka mu bar shi. Sai wanda nake jin tsoron shi ka zaɓa: a yanka gaban kunne, a ja zanen gadon kawai, a datse rarar, a ɗinke, katifa tana nan inda ta zame. Kowace mace da ta taɓa gyara gado ta san ƙarshen wannan. Duk nauyin kuncin a kan ɗinkin zai rataya. Fata kuma abu ce mai miƙewa, ba da jimawa ba za ta saki, a koma gidan jiya, an ƙaru da tabo mai faɗi, wani lokaci har da kunnen da aka janyo ƙasa.

Dakta ya gyara min wani abu a nan, zan faɗa don ba na son in ci nasara da ƙarya. Ya ce "ƙaramin aiki" tsawon yankan kawai yake nufi. Wasu likitocin ta wannan gajeren yankan suke shiga su ɗaure katifar, wasu ba sa taɓa ta. Kai ka rubuto min "a ja a ɗinke". A ja me? Ka tambaya? Ko da ka ji za a dawo gida a ranar sai ka rufe kunne?

Hanyar da aka fi bi ita ce a ɗaga fatar, a kama katifar kanta, a naɗe ta ko a rage ta, a ɗinke ta sama, sannan a mayar da fatar a kwantar da ita ba tare da an ja ta da ƙarfi ba. Nauyin yana ciki, ɗinkin waje yana hutawa. Akwai kuma wadda ta fi wannan zurfi, inda ake shiga ƙarƙashin katifar, a kwance igiyoyin nan, a ɗaga katifa da zane tare. An ce ta fi ɗaga tsakiyar kunci, ta fi daɗewa. Kada ka ɗauka ita nake talla. A can ƙasan wuƙa maƙwabciyar jijiya ce, kuma ɗan motsin da ya rage wa Adda a wannan ɓarin shi ne dukiyarta. Ga dogon barci a kan mai hawan jini, ga kumburin da ke daɗewa. Dakta ya ƙara da cewa fuskar da jijiya ta kayar ba ɗaya take da wadda tsufa ya kayar ba. Wani lokaci duk waɗannan ba sa isa, sai an ɗebo wani tantani daga cinya an rataye gefen bakin da shi. Ka ga ke nan ba zaɓin takalmi ba ne, da za ka ce a ba ka wanda ya fi sauƙin sawa.

Yanzu abin da ya fi damuna. Ka yi shekaru kana barci da fuskarka a wuyana, amma ka taɓa ganin kunnena na dama? Ka taɓa tambayar abin da ya sa ɗankwalina kullum ya karkata can? Ina budurwa na ƙara hudar kunne don kwalliya. Wurin ya warke, sannan tabon ya fara tsiro, ya yi ta girma har ya kai ɗan goro. Aka yanke shi a asibiti, ya dawo ya fi da. Yana ƙaiƙayi yana suka har yau. Ka dubi muƙamuƙin Kawu Hammajoda, inda askar wanzami ta taɓa shi, za ka gane dalilin gemun nan da yake tarawa. Abin a jininmu yake. Irin wannan tabon gefen kunne da muƙamuƙi yake so, kuma ba abin da ke tsokano shi kamar ɗinkin da ake ja. Kowace hanya aka bi akwai yanka, saboda haka kowacce da hatsarinta, amma wadda ka zaɓa ita ce ta fi rataya nauyi a inda bai kamata ba.

Ni ba likita ba ce. Likitanku ya fi ni sani nesa ba kusa ba, amma da abin da aka faɗa masa zai yi aiki. Shi ya sa zan yi maka tambaya ɗaya, ka amsa min ita ko ba ka amsa sauran ba: da likitan yake yi wa Adda tambayoyi, wa ya yi musu tafinta?

Juwairiyya

*

Alƙahira
Ranar Litinin

Yafendo,

Barka da war haka, da fatan kowa lafiya. Mu ma lafiya. Ki gafarce ni da na yi shiru kwana biyu, aiki ne ya yi yawa, kuma gaskiya na rasa ta inda zan fara.

Ni na yi tafinta, wa kuma zai yi? Na shekara goma sha wani abu a ƙasar nan, da Larabcin nan nake cin abinci, likitan kuma yana jin Turanci. Ban rage kalma ɗaya ba, ban ƙara ba. Ban taɓa zaton za ki yi shakkar harshena ko amanata ba.

Na koma wurinsa da maganar kunnenki da ta Kawu. Ya saurara sosai, ya ce abin lura ne, ya ce in tambayi Dada ko ita ma wani rauni ya taɓa yi mata haka a wani wuri a jikinta. Na tambaye ta a gabansa, ta ce lafiya lau. Ya sake duba kunnenta na hagu da tsagarta, ya ce ga shaida nan, yanka ne a fuska kuma ya warke sumul. A kan haka ya ce ba ya ganin abin da zai hana. Na tambaye shi maganar katifar da kika yi, ya ce zai ɗan kama ta kaɗan, amma mafi yawan aikin a fata yake, tunda mun nemi mai sauƙi.

An sa ranar Talata ta makon gobe. Na sanar da ke, na cika alkawarina ko da a makare. Ina roƙon addu'arki, ba faɗa ba.

Mudathir

*

Zuwa ga ƙanwata Juwairiyya,

Da sunan Allah. Ina gaishe ki, ina gaida Hammajoda in bai koma ba. Ina lafiya. Garin nan akwai hayaniya, ruwansu kuma ba ya kashe ƙishi. Da ajami na rubuta, kin san shi na iya. Yarinyar nan Ummi za ta ɗauka a waya ta aiko miki, ta ce ba za ta karanta ba, na yarda da ita.

Na ji ana ta ambaton sunanki a gidan nan ƙasa-ƙasa, na san kin tayar da ƙura. Ki sassauta wa yaron nan naki. Ba shi ya nema ba, ni ce. Da likitan ido yake duba ni, na sa yatsa na tura kuncina sama, na dube shi. Ya gane ba tare da an fassara ba.

Kin ce ban taɓa cewa ya dame ni ba. Ban faɗa ba ne kawai. Rabona da in kurkure baki a alwala ruwan bai zubo min a ƙirji ba, tun kafin takabata ta ƙare. Kin tuna taron sunan jikar ɗan'uwanmu Hammawa a Yelwa, da na ce azumi nake? Ba azumi nake ba. An kawo fura ne da ludayi, ga mata cike da ɗaki. Na daina cin abinci da mutane, Juwairiyya, ke ma ba ki lura ba, don kullum sai in ce na riga na ci. Ina cizon cikin kuncina har ya yi gyambo. Ba ƙuruciya nake nema ba. So nake in sha ruwa a gaban baƙo.

Yaron nan naki yana ƙoƙari. Da kansa yake yayyanka min nama ƙanana, ya ajiye, ya juya baya yana duba waya har in gama. Ba wanda ya ce masa ya yi haka.

Amma ga abin da ya hana ni sukuni. Likita ya sa shi ya tambaye ni ko rauni ya taɓa yi min tsiro a jiki. Kin san inda aka yi min ƙaho bayan haihuwar ƙanensa Sabitu, kin san abin da ya fito min a ƙirji da kafaɗa, ke kike shafa min man shanu a wurin. Ta yaya zan buɗe baki in faɗa wa wannan yaron haka, yana tsaye a kaina, shi kuma ya juya ya faɗa wa wani namiji? Na ce lafiya lau.

Kuma ban gane bambancin hanyoyin ba. Sun yi ta magana su biyu, ya juyo ya ce min za a yi mai sauƙi, na ce to. Me zan ce? In tsaya ina ja-in-ja da shi? Tsagar ma ina son in san ko akwai hanyar da za ta bar min ko layi ɗaya. In babu, a faɗa min, ni zan san abin da zan iya rabuwa da shi.

Kada ki gaya masa maganar jikina. Kada kuma ki hana ni aikin. Ban san yadda za ki haɗa biyun nan ba, amma ke ce mai karatu.

Yayarki,
Rabi'atu

*

Wunti, Bauchi
Ranar Alhamis

Mudathir,

Ina gaishe ka, ina gaida Ummi gaisuwa ta musamman, ina gaida yara. Lafiyata ƙalau, har gwiwar ta ji ana shirin tafiya ta shiga hankalinta.

Maganar kunya da na yi maka na janye ta. Na samu labarin da ya nuna min ba haka ba ne, kuma ba zan gaya maka daga ina ba. Na kuma janye adawata da aikin. In mahaifiyarka tana so, ba ni da bakin hanawa, ni zan riƙe mata kofin ruwan farko. Iyakar abin da na janye ke nan, kada ka saki jiki.

Na tambaye ka wa ya yi tafinta, ka tsaya kana ba ni tarihin Larabcinka. Wa ya damu da Larabcinka? Ko limamin garin ne ya yaye ka, ba kai ya kamata ka tsaya a wurin nan ba. Ka zauna ka tuna. Tun ranar da aka raɗa maka suna, ka taɓa jin sa a bakinta? Ta taɓa kallon tsakiyar idonka? Ta taɓa ce maka a'a, ko a kan gishirin miya ne? In tana son ka sa riga saboda sanyi, ni take aikowa in faɗa maka. Kai ɗan farinta ne, haka aka raine ta, haka uwarmu ta yi da ita. Kai ka saba da shirunta har ka ɗauka halinta ne. Da ƙanenka Sabitu ba ta shiru, ka tambaye shi, har zaginsa take yi tana dariya.

Wannan matar ka zaunar a gaban likita, ka tsaya a kanta, kana tambayar ta labarin jikinta. Ta ce to, ka rubuta ta yarda. Ta ce lafiya lau, ka fassara daidai, kalma da kalma, likita ya gina aikinsa a kai. Ba ka yi ƙarya ba, shi ma bai yi ganganci ba, amma har yau ba wanda ya ji ta bakin mai fuskar. Tsagar da ya kafa hujja da ita kuwa tana jaririya aka yi, kuma Dakta Obadiya ya ce irin tabon nan ba kasafai yake kama jarirai ba, sai an girma. Hudar kunnena ta fari ma sumul ta warke.

Akwai abin da dole likitan ya ji kafin ya ɗauki wuƙa. Ba zan faɗa maka ba, kuma kada ka je ka tsare ta da tambaya, don za ta ce maka lafiya lau. Ba kunnenka aka yi wa maganar ba. Idan ya ji, watakila ya sauya hanya ya mayar da nauyin ciki, watakila ya ce akwai allurar da za a bi tabon da ita, watakila ya ce kada a yanka sam. Wannan nasa ne. Bayan ya faɗa, a zayyana mata hanyoyin ɗaya bayan ɗaya da Hausa ko Fulatanci, har da abin da kowacce za ta yi wa tsagarta, ta zaɓa da bakinta.

Ga abin da za ka yi. Ka ɗage ranar Talatar nan. Ka nemo mace mai jin Hausa, ba 'yar gida ba, garin naku cike yake da ɗalibanmu masu karatun likita. Ta shiga da ita, a rufe ƙofa, a sake tambayoyin tun daga farko. Ka turo min shaidar an ɗage, kuma in ji muryar Adda a waya ba ka cikin ɗakin.

Na ba ka zuwa azahar ɗin Lahadi. Tun ranar da na ga hoton nan na nemi biza, ta kuma fito. In azahar ta yi ban ji komai ba, zan hau motar Kano in kama jirgi, Litinin in sauka a garinku. Ba sai ka zo tarba ba, na iya karanta allo. Ranar Talata zan shiga ɗakin likitan tare da yayata, in kwance ɗankwalin da ban taɓa kwance shi a gaban namijin da ba mijina ba, in juya masa kunnena ya gani da idonsa. Sannan in zauna a tsakaninsu in yi tafinta da Turancina na ɗakin karatu, har sai ta gama faɗin duk abin da ke bakinta.

Ko ka nemo matar, ko ni na zo, kai dai a waje za ka tsaya. Ka samu benci, ka riƙe mana jakunkuna, ka juya baya. Na ji an ce ka iya.

Yafendonka,
Juwairiyya